Daga Mari zuwa Magani: Tarihin Ƙwaya Kamar Yadda Na Gan Shi a Daddara

Na taso a Daddara, a bakin titin Katsina zuwa Jibiya, inda motocin Maraɗi ke ratsawa dare da rana. Yayana ɗan kabu-kabu ne, kuma da guminsa aka biya kuɗin karatuna. Sai da na kai aji biyu a jami'a na gane cewa juriyar da muke yaba masa ta tiramol ce.

Wanda ya bi tarihin yadda ƙasar nan ta tunkari ƙwaya zai tarar hani da kamu ne suka rinjaya. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA. A watan Mayun 2018, bayan binciken BBC kan maganin tari mai kodin, gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, har da tamu, domin daƙile fasa-ƙwauri. Ƙwayar ta yi tsada, Yaya bai daina ba. Babur ɗinsa ya sayar. Ba shi kaɗai ba ne: binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan magunguna ba da umarnin likita ba.

Iyaye kuwa gidan mari suka sani. A 2019 'yan sanda suka buɗe irin gidajen a Rigasa da Daura, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Mu ma mun kai Yaya wani gidan, kuma ina cikin waɗanda suka riƙe shi. Ya dawo da tabo a idon sawu, bai yi mako biyu ba ya koma ruwa.

Akwai wani tarihin da ba a koya mana ba. A tsakiyar shekarun 1960, likitoci biyu a New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka nuna cewa maganin methadone, sau ɗaya a rana, yana kwantar da ƙishirwar ƙwaya har mutum ya koma sana'arsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin muhimman magunguna a 2005, asibitin Muhimbili na Tanzaniya ya fara bayar da shi a 2011. Sai dai magani ba ya ɗaure kowa. Dole majinyaci ya dawo da ƙafarsa. A ganina, nan ne Najeriya ta manta da abin da ta riga ta sani, domin tun 1954 Dakta Adeoye Lambo yake zaunar da masu taɓin hankali a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa.

Yanzu ni nake raka Yaya asibiti a Katsina, inda likita ke ba shi abin da ke sassauta ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Sau biyu ya ƙi zuwa. Ran nan a tasha ya ce, "Ƙanena, in na gudu, kada ku mayar da ni can." Na ce, "Yaya, mota za ta cika." Ya shiga.