Wa Ya Raba Ƙofofin Jami'a?

Ƴan uwa ɗalibai, kowa ya san maganar da ake yi a Yamai: mai Bak C ko D ya nufi likitanci, mai Bak A kuwa ya shiga fannin adabi ya jira ikon Allah. Mu masu karatun ilimin harsuna kullum tambayar da ake yi muna ita ce, "In kun gama, mi za ku ci?" Na bi tarihin wannan tambaya, na tarar ba ta jima da haihuwa ba.

Zamanin Turawa ƙofa ɗaya ce, ƴar ƙarama. Yaron da ya yi fice sai a tura shi makarantar William Ponty ta Senegal, inda Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu. Ko bayan ƴancin kai a 1960, mai son karatu mai zurfi sai Dakar, Abijan ko Faransa. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar karatun gaba da lise a Yamai, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992.

Lokacin Kunce, da kuɗin iraniyom na Arlit suka shigo, masu Bak kaɗan ne, gwamnati kuma tana neman ma'aikata ruwa a jallo. Ta ba ka bursi, in ka gama ta ɗauke ka aiki. Albashi yana bin matakin diflomarka, shi ya sa wanda ya karanta tarihi da wanda ya karanta lissafi ba su yi wa juna nisa ba. Wuyar duka ita ce samun Bak ɗin.

Farkon shekarun 1980 farashin iraniyom ya faɗi. Bankin Duniya da FMI suka kawo tsarin tsuke bakin aljihu: a rage bursi, a rage ɗaukar aiki. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka yi maci, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. A 1994 sefa ta rasa rabin darajarta. Ƙarshen shekarun 1990 aka soma ɗaukar malaman kwantiragi da albashi ƙasa da na cikakken ma'aikaci.

Daga nan ne fanni ya soma raba arziki. Likita in gwamnati ba ta ɗauke shi ba, akwai kilinik da ƙungiyoyin agaji. Injiniya yana duban kamfanonin ma'adinai da matatar mai ta Damagaram. Mai lisans ta adabi kuwa, galibi alli ne da kwantiragi. Kuma fannonin da ke biya su ne masu ƙuntatacciyar ƙofa, don horar da likita sai da labo da gadon asibiti, alhali ɗakin laccar adabi ko mutum nawa ne sai a cusa. Jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa da aka kafa a 2010 sun ƙara kujerun karatu, amma guraben aiki ba su bi sawu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tun a lise ake raba hanyar. Yaron da makarantarsu ba ta da malamin fizik, an rufe masa ƙofar likitanci kafin ya san da ita. Saboda haka ina ganin ya kamata ƙungiyoyinmu su nemi kowace jami'a ta dinga bayyana mutum nawa kowane fanni ya ɗauka, nawa suka gama, nawa suka samu aiki, da albashin da suka fara da shi. Ƙannenmu su gani tun kafin su zaɓi A, C ko D.