Daga Zamanin Nagwamatse Zuwa Papiri: Salamar Masu Bi A Ƙasar Kontagora



Matasanmu da yawa a Bobi da sauran garuruwan Mariga suna ɗauka cewa kwana a daji saboda tsoro sabon abu ne da ya sauko mana cikin shekaru goman nan. Da kakanninmu na raye, da sun yi musu gyara.

Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya samu sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kuma kafa Kontagora a 1864. Ɗansa Ibrahim, wanda ya hau gadon a 1880, ya yi suna wajen yaƙi da kamun bayi. Kambari da Dukkawa da Kamuku da Gwari sun ɗanɗana kuɗarsu, har ƙauyuka suka watse, mutane suka koma kan duwatsu. Turawa sun ci Kontagora a 1901, amma tsoron bai bar zukata nan take ba. Ba don tone-tone muka kawo wannan ba. Jikokin masu harin da jikokin waɗanda aka hara yau kasuwa ɗaya suke ci, ɗan bindiga ɗaya ne kuma ke korarsu daga gona.

A irin wannan ƙasa bishara ta shigo. 'Yan mishan na SIM sun zauna a Wushishi tun 1904. Cikin shekarun 1920 mishan ɗin da ya haifi Ikilisiyar UMCA ya buɗe aiki a Salka da Zuru, daga baya Tungan Magajiya ta zama wurin neman magani. Gwamnatin Turawa ba ta sakar wa 'yan mishan mara a biranen sarakunan Musulmi ba, don haka suka nufi karkara, wato wajen mutanen da suka fi kowa sanin zafin hari. Ga wani abin lura: da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, harshen fada shi ne ya zama harshen sujada. Bakambare da Badakkare da Badukke, waɗanda ba sa jin yaren juna, suka zauna a benci ɗaya suna gaisawa da kalmar salama. Ga mutumin da aka kama uwarsa aka sayar, wannan gaisuwa tana da nauyin da mu ba mu cika ji ba.

Katolika sun ƙarfafa daga baya. An kafa yankin Kontagora a matsayin hukumar Ikilisiya mai zaman kanta a 1995 a ƙarƙashin Fada Timothy Carroll na ƙungiyar SMA, mutumin Ailan, wanda ya zama Bishop a 2002. Bishop Bulus Dauwa Yohanna ya karɓi ragama a 2012, yankin ya zama cikakken Dayosis a 2020. Aikinsu a ƙauyuka bai wuce rijiya da yaƙi da jahilci da makaranta ba. A ganinmu nan ne asirin yake. Salamar da aka koya wa iyayenmu tana da hannu da ƙafa: ka haƙa rijiya a inda kake tsoron kwana, ka sa ɗanka a aji ko da ba ka san abin da gobe za ta haifar ba.

Sai jarrabawar zamaninmu ta zo, kuma ba ta tambayi addinin kowa ba. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai a Kagara. A ƙarshen Mayun shekarar aka kwashe yara fiye da 130 daga Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina, suka yi kusan wata uku a daji, wasu ba su dawo da rai ba. Duk Kiristan da ya ji kukan iyayen Tegina ya san ba gidanmu kaɗai gobarar ta kama ba.

Mu ɗan tsaya a kan Fada Isaac Achi na Dayosis ɗin Minna. Shi ne limamin majami'ar St. Theresa a Madalla ranar Kirsimetin 2011, lokacin da bam ya kashe gomman masu sujada. Ya tsira, bai ajiye aikin ba. Ranar 15 ga Janairun 2023 'yan bindiga suka cinna wa gidansa wuta a Kafin Koro, ya rasu a ciki, abokin aikinsa ya fita da raunin harsashi. Shekara goma sha ɗaya tsakanin wuta ta farko da ta biyu, yana hawa bagade duk Lahadi, ya san sarai abin da ka iya faruwa. Wanda ke neman sanin kamannin salamar Almasihu a jihar Neja, ya ƙirga waɗannan Lahadi.

Papiri kuwa har yanzu raunin ɗanye ne. Da tsakar daren Juma'a, 21 ga Nuwamban 2025, aka shiga makarantar St. Mary da ke ƙaramar hukumar Agwara, wadda Sistocin OLA ke kula da ita. Ƙungiyar CAN ta ba da lissafin ɗalibai 303 da malamai 12. Hamsin suka kuɓuta da ƙafarsu cikin kwanakin farko. Fafaroma Leo ya yi roƙo daga Roma a sake su, gwamnatin jiha ta rufe makarantu. Aka sako 100 a farkon Disamba, sannan ranar 21 ga wata aka sanar da sakin sauran 130, saura kwana huɗu Kirsimeti. Cikin wannan wata guda majami'u ba su rufe ba. Zumuntar mata sun yi azumi, an tara baiko, an kuma yi magana da hukuma ba tare da kwana-kwana ba. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin wasunmu sun fara ɗaukar haƙuri da shiru a matsayin abu ɗaya. Bishop Yohanna ya yi addu'a, ya kuma musanta a fili zargin cewa makarantar ta yi biris da gargaɗin tsaro.

Murna ba ta daɗe ba. Ranar 3 ga Janairun 2026 aka kai hari Kasuwan Daji a ƙasar Borgu, aka kashe mutum fiye da 30. Tambayar da ke gaban kowane gida a wannan yanki, daga Papiri har Bobi, ita ce wadda kakanninmu suka fuskanta da suka sauko daga duwatsu: a mayar da yaron makaranta, ko a riƙe shi a gida? A taronmu na gaba za mu so jin bakin iyaye mata tukuna, domin su ne ke ɗaure wa yaran kaya.