Tafkin Chadi: Tarihin Ruwan da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa zama a ajin nazarin muhalli a ƙasashen Turai, da wuya bai ga hotunan nan biyu na Tafkin Chadi ba: ɗaya na 1963 lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, ɗaya kuma na shekarun 1980 bayan ya koma ƙasa da 2,000. Daga nan sai malami ya ce tafkin na mutuwa. Ni kuwa da na koma ga tarihi domin aikin digirina na biyu, sai na tarar labarin ya fi haka tsawo, kuma darasinsa daban ne.

Da farko dai, wannan tafki ba shi da zurfi, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga kogunan Shari da Logone yake zuwa, wato daga damunar ƙasashen kudu. Saboda haka idan damuna ta yi kyau sai ya bazu, idan ta gaza sai ya janye da nisan kilomitoci masu yawa. Baturen Faransa Jean Tilho, wanda ya auna yankin a farkon ƙarni na 20, ya tarar da ɓangaren arewa ya ƙafe a wajajen 1908, amma a shekarun 1950 ruwan ya dawo ya cika. Ashe ke nan janyewar da ta biyo bayan farin 1973 da na 1984 ba ita ce ta farko ba.

Mazauna bakin tafkin sun daɗe da sanin halinsa. Buduma na zaune a tsibirai da shanunsu, suna kamun kifi idan ruwa ya yi yawa, suna kiwo idan ya ragu. Kanembu na yankin Bol a ƙasar Chadi kuwa dabara suka yi: sukan tare wani reshe na tafkin da ke tsakanin tudun yashi biyu da ganuwar ƙasa, ruwan ya tsotse, su shuka alkama da masara a kan laka mai albarka. Idan gonar ta gaji ko kanwa ta taso, sai su fasa ganuwar ruwa ya sake shiga ya wanke ta. Babu siminti, babu injin.

Bayan samun 'yancin kai, Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a ranar 22 ga Mayu 1964 a birnin Fort Lami, wato Injamena ta yau. Wannan zamani ne na manyan ayyuka, kuma an tsara su ne a lokacin da tafkin ke cike. A jihar Borno aka tsara shirin noman rani na Kudancin Chadi a yankin Marte, da nufin shayar da hekta fiye da 60,000 na alkama da shinkafa, ta hanyar doguwar magudana da manyan injinan jan ruwa. An ƙaddamar da shi a 1979. Sai dai kash, cikin 'yan shekaru ruwan ya janye ya bar bakin magudanar a kan busasshiyar ƙasa, kuma shirin bai taɓa noma ko rabin abin da aka tsara ba.

Abin lura shi ne, a daidai lokacin da injinan gwamnati suka tsaya, talakawa sun bi ruwan. Kanuri da Shuwa da Hausawa masunta da manoma suka kafa sababbin ƙauyuka a inda a da ruwa ne, suna shuka masara da wake a bayan ruwan da ke janyewa, bandar kifi kuma na fita daga Baga zuwa kudancin Najeriya. Har ma wasu ƙauyukan suka tsallaka iyaka, irin su Darak, abin da ya kai ga hukuncin Kotun Duniya na 2002 wanda ya tabbatar wa Kamaru yankin.

A Kamaru ma an yi irin wannan kuskure, amma an yi ƙoƙarin gyarawa. A 1979 aka gina madatsar Maga da ganuwa a gefen kogin Logone domin noman shinkafa. Wannan ya hana ambaliyar da ke shayar da babbar fadamar Waza-Logone kowace shekara, sai ciyawa mai kyau ta mutu, kifi ya ragu, makiyaya da masunta suka watse, namun dajin Waza suka shiga wahala. A 1994 aka buɗe wani tsohon rafi da ganuwar ta toshe, ruwa ya sake malala a kan kimanin murabba'in kilomita 200. Cikin 'yan shekaru ciyawa ta farfaɗo, kifi ya dawo, shanu suka dawo. Aikin bai ci kuɗin da madatsar ta ci ba, domin kuwa fadamar ce ta yi sauran aikin da kanta.

Wannan shi ne abin da masana a yau ke ta yi wa sabon suna, wato a bar fadama da ciyayi da tsofaffin hanyoyin ruwa su yi aikin da ake ɗora wa siminti. Mutanen Bol sun riga su da daɗewa.

To, ina muka kwana? Binciken tauraron ɗan Adam na baya-bayan nan ya nuna cewa tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba tun daga shekarun 1990, kuma ambaliyar 2022 da ta 2024 sun tuna mana cewa yawan ruwa ma matsala ce. Abin da ya fi gurgunta rayuwa a yankin shi ne rikicin Boko Haram da ya faro a 2009, wanda ya hana masunci da manomi da makiyayi bin ruwa kamar yadda suka saba. Duk da haka, a taron Abuja na 2018 shugabanni sun sake rungumar shirin Transaqua, na janyo ruwa daga yankin kogin Kwango ta magudana mai tsawon kilomita kusan 2,400.

Mu da muke karatu a waje, gobe wasunmu ne za a ɗora wa zana irin waɗannan tsare-tsare. Kafin mu ɗauki alƙalami, ya kamata mu tuna da Marte da Maga. Mu nemi tsarin da zai kare fadama, ya ba mutane damar bin ruwa cikin aminci, ya kuma raba gona da burtali da wurin su cikin adalci a duk lokacin da bakin tafki ya sauya. Mu kuma zauna da mazauna wurin mu saurare su, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah Ya sa mu dace.