Tarihin Harshen Ladin

Ladin harshe ne na mazauna tsaunukan Dolomite a arewacin Italiya, kuma masu magana da shi kusan mutum 30,000 ne. Suna zaune a kwaruruka biyar da ke kewaye da dutsen Sella: Badia, Gherdëina, Fascia, Fodom da Ampezzo.

Asalinsa Latin ne irin na bakin talakawa. A shekara ta 15 kafin haihuwar Annabi Isa, sojojin Rum ƙarƙashin Drusus da Tiberius suka ci wannan yanki, mutanen wurin suka ɗauki harshen masu mulki suka gauraya shi da nasu. A da Ladin ya fi haka yaɗuwa. Jamusanci ya matso shi daga arewa, Italiyanci daga kudu, har ya rage a kwarurukan da ke da wuyar shiga. A 1833 wani limamin coci, Micurà de Rü, ya rubuta nahawunsa da burin samar da rubutu guda. A 1873 masani Graziadio Ascoli ya danganta shi da Romansh na Suwizalan da Friulian.

Har zuwa 1918 kwarurukan biyar suna cikin Tirol, ƙarƙashin Ostiriya. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya suka koma hannun Italiya, kuma a nan ne aka yi musu ɓarnar da ba ta warke ba har yau. Gwamnatin Mussolini ta ɗauki Ladin a matsayin karin Italiyanci kawai. A 1923 ta mai da Fodom da Ampezzo lardin Belluno, a 1927 kuma Badia da Gherdëina suka faɗa lardin Bolzano, aka bar Fascia a Trento. A 1946 dubban Ladinawa suka taru a mashigar Sella suna neman a sake haɗa su, ba a saurare su ba.

Wannan rabo shi ya yanke wa kowane kwari makomarsa. A Badia da Gherdëina ana koyar da Ladin a makaranta tare da Jamusanci da Italiyanci, tun 1989 kuma ana aikin ofis da shi. Fascia ma ta sami kariya. A ɓangaren Belluno kuwa, musamman garin Cortina na Ampezzo da masu yawon buɗe ido suka cika, harshen yana ja da baya. A 2007 mutanen can suka kaɗa ƙuri'ar komawa lardin Bolzano, amma ba a zartar ba.

Daidaitaccen rubutun Ladin Dolomitan da Heinrich Schmid ya tsara, aka buga ƙa'idojinsa a 1998, bai sami karɓuwa sosai ba, domin kowane kwari yana kishin karinsa.