Tarihin Kwari da Baka a Hannun Maharban Ƙasar Hausa

Tun zamanin da ba a fara rubuta tarihi a ƙasar nan ba, harbi yana cikin manyan sana'o'in Hausawa. Hasali ma garuruwa da yawa, in an bi asalinsu, sai a tarar maharbi ne ya fara sarar wurin, ya kafa bukka a gindin wata kuka ko tsamiya, sa'an nan mutane suka biyo shi. Har wa yau akwai sarautar Sarkin Baka da ta Sarkin Dawa a masarautu da dama. To, abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, bindiga ta daɗe ƙwarai da shigowa ƙasar Hausa, amma duk da haka maharbi bai ajiye bakansa ba sai bayan ɗaruruwan shekaru. Wannan kuwa ba duhun kai ya jawo shi ba. Maharbi yana da hujjarsa, kuma ita za mu duba.

Da fari, kusan dukan kayan harbin nan a jejin garinsu maharbi ya ke samunsu. Icen baka ya kan nemi mai danƙo, wanda zai tanƙwaru ba tare da ya karye ba, kamar dargaza, waɗansu kuwa su yi da gora. A kan sare shi, a fere, a gasa shi kaɗan-kaɗan bisa wuta ana miƙewa, a shafa masa mai, sa'an nan a ajiye a inuwa har ya bushe sarai. Maharbin kirki ba ya aron baka, gama kowane mutum da gwargwadon ƙarfin damtsensa. Baka ya fi ƙarfinka, hannu zai yi rawa, kibiya ta kauce. Ya kasa ka, kibiya ta isa ba nauyi, ta tsaya a fata. Tsirkiya kuwa da fatar naman jeji a ke murɗa ta, a ja, a shanya. Da damina ta kan sha raɓa ta saki, saboda haka mai hankali ba ya fita sai da wata a ajiye cikin burgami, ba a kuwa barin baka a ɗame in an dawo gida.

Kibiya kashi biyu ce, da kyauro da ƙarfe. Kyauro a fadama a ke yankansa da kaka, a zaɓi miƙaƙƙe marar nauyi. Ƙarfen kuwa aikin maƙeri ne, shi ke ƙera tsinin, ya fitar masa da kunnuwa yadda in ta shiga jiki ba ta fita ta daɗi. Kibiyar ƙasar nan ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar ta waɗansu ƙasashe, don haka ba ta cin nisa da saiti, sai maharbi ya matso kusa. Nan ne gwaninta ta ke. Shi ya sa a ke ɗaura kan burtu a goshi, mutum ya duƙa yana tafiya yana saran ƙasa kamar tsuntsun, har ya shiga tsakiyar garken barewa ba su ankara ba. Kowace dabba kuma da irin kibiyarta. Wadda a ke harbin zabo da fakara da zomo ƙarama ce, ba a ɓata mata dafi. Ta gwanki da kanki da ɓauna kuwa mai kauri ce, mai kunnuwa, an laɓta mata dafi har wuya.

Dafin nan shi ne ƙarfin baka na ainihi. Tushensa 'ya'yan kwankwani ne, wani tsiro mai yaɗo, a daka su, a dafa tare da waɗansu itatuwa har ya yi kauri ya yi baƙi. Kowane gidan maharba da nasa haɗin, ba a kuwa faɗa wa bare. Aikinsa a zuciya ya ke, in ya shiga jini sai ya tsai da ita. Likitocin Turai ma sun gane haka, gama a shekarar 1885 wani malamin likita na Edinbara, Thomas Fraser, ya bayyana maganin ciwon zuciya da ya fitar daga wani ɗan'uwan wannan tsiro na gabashin Afirka. Da ya ke dafi ya kan tsufa ya rage ƙarfi, sai a riƙa sabunta shi. Kuma ba a riƙe dafi sai da makarinsa, don tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Amma fa dafi ya zo wa maharbi Musulmi da wata matsala. A littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Risala da Muhtasar, an yarda a ci abin da aka harba in an ambaci sunan Allah wajen sakin kibiya, kuma kaifinta ne ya kashe. In kuwa dafi ya yi tarayya cikin kisan, ba a san wanda ya kashe ba, to, naman bai halatta ba sai an riski dabbar da ranta an yanka. Saboda haka ne za ka ga maharbi da ya saki kibiya sai ya bi sawu da gaggawa, wuƙa a kugu, don ya sami yanka. Bayan haka ya yanke naman da ke kewaye da bakin raunin ya yar.

Bindiga kuwa, littafin Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, aka kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga suna tsaronsa. A Barno ma tun ƙarni na 16 Mai Idirisu Aloma ya ke da mayaƙa masu bindiga. Duk da haka sa'ad da aka yi yaƙin Tabkin Kwatto a cikin watan Yuni na 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, waɗanda dawakinsu ba su wuce ashirin ba, da kwari da baka suka karya barade da 'yan lifidan Sarkin Gobir Yunfa. Bayan shekara 99, a yaƙin Burmi na ran 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, shugaban sojan Ingilishi. Ashe ko a fagen fama baka bai zama abin rainawa ba, balle a jeji.

Dalilin da ya sa maharbi ya yi jinkirin sakewa a fili ya ke. Bindigar wancan zamani ta baki a ke ɗura ta, a zuba albarushi, a tura tsumma, a zuba harsashi, a daddanna. Kafin mai ita ya gama ɗuri ɗaya, mai baka ya saki kibau da dama. Ga ƙara, harbi guda ya kori naman jejin duka, alhali kibiya ko ta kuskure, sau da yawa dabba ta kan ɗaga kai kawai ta koma kiwo. Ga albarushi sai an saya da tsada daga fatake, da damina kuma ya jiƙe ya ƙi tashi. Ba banza ba aka yi mata laƙabi da harba-ka-ruga. Inda bindiga ta fara cin nasara wajen manyan dabbobi ne, kamar giwa, wadda baka ba ya iya huda fatarta sosai. Nan ma maharba ba su rabu da tsohuwar dabara ba, sai suka haɗa biyun. Suka riƙa zura sango, watau wani gajeren mashi mai dafi, cikin bakin bindiga, albarushi ya tura shi, dafi ya ƙarasa aikin.

Zuwan Turawa ne ya juya al'amarin. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burusal cikin 1890 ta hana sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani, amma ta bar masu ƙanƙara da albarushinsu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan kanti suka yawaita, kuɗin gyaɗa da auduga suka shiga hannun talakawa, sai adaka ta zama abin da mutumin ƙauye zai iya mallaka. Daga baya maƙeranmu suka koyi ƙera ta da bututun ruwa da sandar sitiyarin mota, ko da ya ke irin wannan ta sha fashewa ta raba mutum da yatsunsa. Dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon hana riƙe ko ita ma sai da lasin. Wajen shari'a kuwa ba a sami cikas ba, gama malaman Fas tun da daɗewa sun yi fatawa da halaccin abin da harsashi ya kashe.

To, a nan ne hasarar ta ɓullo. Baka ba ya ciyar da mutum sai ya yi shekaru yana bin ubansa ko maigidansa, ya san sawu, ya san iska, ya san lokacin da dabba ke da ciki a ƙyale ta. Adaka kuwa da fitilar goshi, ko wanda bai san kome ba ya iya fita da dare ya haske idon gada ya harbe. Masu harbi suka yi yawa, maharba suka ragu. Ga shi kuwa tun wajen 1890 ciwon bushiya, wanda ya ƙare shanun Filani, ya taɓa ɓauna da waɗansu namun jeji, sa'an nan gonaki suka yi ta cin daji. Gwamnati ta keɓe jejin Yankari a ƙasar Bauci cikin 1956, aka buɗe shi ga masu kallo a 1962, a 1963 kuma Jihar Arewa ta kafa dokar kiyaye namun jeji. Amma a mafi yawan ƙasar Hausa gwanki da kanki sun riga sun zama sai a labari da kirari.

Kwari da baka dai ba su ɓace ƙaf ba. Ana ganinsu a hawan salla da bukukuwan maharba, kuma a shekarar 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka kama Mubi da Maiha a ƙasar Adamawa, maharba na cikin waɗanda suka taimaki soja aka ƙwato garuruwan, da adakarsu da kibansu, da sanin jejin da suka gada. Wannan ya nuna abin da ya fi daraja cikin kayan maharbi ba icen ba ne, ba kuwa ƙarfen ba, sanin nan ne da baka ya tilasta masa ya koya. Dattawan da suka san haɗin dafi da makarinsa, da murɗin tsirkiya, da karatun sawu, suna ta ƙarewa. Ya kamata masarautu da makarantu su aika a zauna da su, a rubuta abin da suka yarda su faɗa tun suna da rai, a kuma taimaki masu tsaron ɗan jejin da ya rage, don kada jikokinmu su san barewa a hoto kaɗai. Allah ya sa mu gane, amin.