Fim ɗin F.V.V.A. da masu neman sa a yau

A shekarar 1972, shekaru 12 bayan samun mulkin kan Nijar, Moustapha Alassane, haifaffen N'Dounga a bakin kogin Kwara, ya fito da fim mai suna F.V.V.A., wato mace, mota, gida da kuɗi. Labarin wani ƙaramin ma'aikaci ne mai suna Ali, wanda iyaye suka yi wa auren dole, son burga ya ja shi ga rayuwar da ta fi ƙarfin albashinsa, har ya sa hannu a kuɗin da ba nasa ba, ya ƙare a gidan kaso. Zalika Souley da Djingarey Maïga na cikin ƴan wasan.

Sai dai a wannan shekara ce Oumarou Ganda ya ɗauki babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, sunansa ya cika bakin jama'a. Shekaru 2 bayan haka, ranar 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma cikin dalilan da sojoji suka bayar har da wawushe taimakon da aka kawo wa talakawa lokacin fari. Cutar da Alassane ya nuna a jikin ma'aikaci guda, ashe ta riga ta kama gwamnati.

Daga baya bidiyo ya shigo, gidajen silima suka yi ta rufewa, kuma bayan 1990 kaset ɗin fina-finan Kano suka riƙa kwararowa ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Madarumfa da Maraɗi, har aka tashi yara da ba su taɓa jin sunan F.V.V.A. ba. Alassane ya zauna a Tawa, ya rasu a Wagadugu a watan Maris 2015, kuma a 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA a Amurka ya shirya nunin ayyukansa.

Abin da ke jan masu tara tsofaffin fina-finai zuwa ga F.V.V.A. biyu ne: wuyar samun kwafinsa, da kasancewarsa shaida kan tufafi, motoci da halayen ma'aikatan wancan zamani. Duk wanda ya gaji tsohon kaset ko takardar tallar silima, ya adana ta da kyau, domin tarihin ƙasa ne a hannunsa.