Shan Inna, Da Yadda Aka Gano Mai Laifi

Duk wanda ya tashi a Gubuchi, ko wani gari na ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan, in dai ya ba shekara talatin baya, da wuya ya rasa wani tsaransa wanda suka yi rarrafe tare, amma shi har yau bai miƙe ba. Labarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Yaro lafiyayye ya fara koyon tafiya, zazzaɓi ya kama shi kwana biyu ko uku, zazzaɓi ya sauka, uwa ta yi murna. Ta ɗauke shi ta tsayar, sai ta ga ƙafa guda ta langaɓe kamar tsumma. Babu ƙurji, babu kumburi, babu karaya. In an tsunkule shi yana ji, amma ƙafa ta ƙi motsi. Tsofaffi su zo su duba, su kaɗa kai, su ce, "Inna ta sha shi."

Wace ce Inna? Cikin iskokin da 'yan bori su ke ambata akwai wata da a ke kira Doguwa, waɗansu su ce Bafilatana. Saboda tsoronta ba a son kama sunanta, sai a sakaya a ce Inna, kamar mai lallashin uwa. An ce ita ke kama hannu ko ƙafa ta tsotse jinin, gaɓa ta bushe. Kada mai karatu ya yi wa kakanninmu dariya a kan wannan. Sun lura da kyau cewa ƙafar tana ramewa kamar an zuƙe ta, sun kuma lura babu rauni daga waje. Abin da su ke iya gani sun gan shi daidai. Abin da ido ba ya gani kuwa, suka ba shi sunan da su ke da shi.

Da ya ke ba a san sanadi ba, magani ya yi yawa. 'Yan bori su ce a ajiye wa Inna nono, ko a yanka mata dabba. Malam ya ba da rubutun sha da laya, ya yi tofi. Wanzami ya yi tsaga ya sa ƙaho. Mai saiwa ya ba da turare da na wanka, tsohuwa kuma ta yi ta gashi da ruwan ɗumi, tana murza ƙafa da man kaɗanya. Abin da ya sa kowannensu ya sami masu yabonsa shi ne, halin cutar ne yaro ya sami sauƙi da kansa cikin watannin farko, gama jijiyoyin da suka ji rauni ba su mutu ba su kan farfaɗo. Wanda duk aka sha maganinsa a lokacin, shi ke cin yabo. Cikinsu duka tsohuwa mai gashi ita ta fi kusa da gaskiya, don murzawa da miƙe gaɓa na hana ta ƙandarewa. Wata ma'aikaciyar jiyya ta ƙasar Ostireliya, Elizabeth Kenny, da tsumman ulu mai ɗumi da motsa gaɓa ta yi suna a Amurka daga shekarar 1940.

Cutar kuwa ba tamu ce mu kaɗai ba, ba kuma ta yau ba ce. A Masar an sami wani allon dutse wanda ya haura shekara 3,000, an zana mutum a kai, ƙafarsa guda ta shanye, yana dogara sanda. Turawa ma sun daɗe cikin duhu. Cikin 1916 annobar ta faɗa wa Amurka, ta kama mutum wajen 27,000, ta kashe wajen 6,000. A birnin Niyu Yok mutane suka ɗora wa kyanwa laifi, aka kashe dubbai. Mu dai nono muka yi hasara.

Amma kafin wannan likitoci sun fara bin sawu. Wani likitan Suwidin, Ivar Wickman, ya bi annobar da aka yi a ƙasarsu cikin 1905 gida gida, ya gane cuta ce da a ke ɗauka daga mutum, har daga wanda bai shanye ba. Cikin 1908 kuma, a birnin Biyana na Ostiriya, Karl Landsteiner da Erwin Popper suka ɗebi lakar wani yaro da cutar ta kashe, suka sa wa birai, birai suka kamu. Ashe ƙwayar cuta ce, ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda madubin likita na lokacin bai iya nuna ta.

Ga yadda ta ke aikinta. Ta baki ta ke shiga, cikin ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa. Ta zauna a hanji ta hayayyafa, ta yi makonni tana fita cikin bayan gida. Yawancin yaran da suka ɗauka ba su ko sanin sun ɗauka. Amma kamar ɗaya cikin 200, ƙwayar kan kai ga laka, watau farar igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, ta kashe wurin da umurnin motsi ke fitowa. Nama yana nan, amma babu mai aika masa saƙo, sai ya rame. Saboda haka gurgu ɗaya a unguwa alama ce yara ɗaruruwa sun ɗauka. Masai kusa da rijiya, da kashin yaro da aka bari a tsakar gida, da hannun da ba a wanke ba, su ne hanyarta.

Akwai wata magana da iyaye mata kan yi, cewa allura ce ta shanye wa yaro ƙafa. Ba duka ce ƙarya ba. Likitoci sun tabbatar in ƙwayar tana jikin yaro, aka yi masa allura a ɗuwawu don zazzaɓi, ƙafar da aka soka ta fi saurin shanyewa. Mai allurar da bai ƙware ba kuma ya kan soki babbar jijiyar ƙafa. Wannan ya isa ya sa mutum ya guji masu yawon allura a kasuwa.

Har yau babu maganin da ke tayar da lakar da ta mutu. Abin da aka samu shi ne rigakafi. Ran 12 ga Afrilu 1955 aka ba da sanarwa a Amurka cewa allurar Jonas Salk ta yi aiki. Daga 1961 kuma aka shiga amfani da na Albert Sabin, wanda a ke ɗigawa a baki, mai araha, wanda ko ba likita ba yana iya bayarwa. Cikin 1988 ƙasashen duniya suka ƙulla niyyar kawar da cutar ɗungum, lokacin tana shanye yara wajen 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. Nelson Mandela ya buɗe yaƙin Afirka cikin 1996.

A wannan shekara ta 1996 aka yi annobar sanƙarau a Arewa. Kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a Kano, cikin gwajin da ya ƙunshi yara 200. Goma sha ɗaya suka mutu, waɗansu suka nakasa. Kamfani ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji a ke yi ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano cikin 2009. To, wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ban da wannan, talakawa suna da tambaya mai ma'ana: me ya sa in yaro na fama da ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro sai an biya kuɗi a asibiti, amma wannan ɗigo a ke bin mutum da shi har ƙofar ɗaki kyauta?

Cikin 2003 zance ya bazu cewa an sa wa ɗigon abin hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Zamfara da Kaduna ba su daɗe ba suka koma, Kano kuwa sai Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje, an kuma sayo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. A watan Oktoba Gwamna Ibrahim Shekarau ya miƙa 'yarsa, Shugaba Obasanjo ya ɗiga mata a gaban jama'a. Amma aikin gama ya gama. Yaran da cutar ta shanye a Nijeriya 202 ne cikin 2002, cikin 2006 sun haura 1,100. Ƙwayar ta bi matafiya ta shiga ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Yaman, har Indunusiyar da aka sayo magani. A ganina tsoron yana da dalili, amma waɗanda suka biya kuɗinsa yara ne da ba a shawarta ba.

Abin da ya gyara al'amari ba baƙo ba ne. Cikin 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya tara sarakunan Arewa suka ɗauki aikin a wuyansu. Umurni ya sauko daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, aka kuma sa matan unguwa, waɗanda ba a yi musu shamaki a gidan kulle, su ne masu shiga. Guragu da kansu suka hau kekunansu na hannu suna bin gidaje, suna cewa a dube su. Lissafi ya faɗo daga 798 cikin 2008 zuwa 21 cikin 2010. Ba a sha da daɗi ba: ran 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka kashe masu aikin rigakafi tara a Kano, Allah ya ji ƙansu. Yaro na ƙarshe da ƙwayar asali ta shanye a Nijeriya a Borno aka same shi cikin 2016, ran 25 ga Agusta 2020 kuma aka shaida Afirka ta rabu da ita. Amma da sauran aiki. Ƙwayar da ke cikin ɗigon rayayya ce da aka raunana, in kuwa ta daɗe tana yawo inda yara da yawa ba su da rigakafi, ta kan sake yin ƙarfi. Irin wannan ta shanye yara fiye da 400 a Nijeriya cikin 2021. Shi ya sa har yanzu masu ɗigo ke sallama.

Sai dai ba kowace shanyewa ce shan inna ba. Babba in ɓarin jikinsa ya mutu farat ɗaya, yawanci hawan jini ne. Akwai kuma wata cuta da Turawa su ke tsaye a kanta yau kusan inda kakanninmu suka tsaya a kan Inna. Likitoci na kiranta maltiful siklarosis, watau tabo mai yawa, mu sai mu ce ciwon tabon laka. Ba ta da dangantaka da sikila. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya bayyana ta cikin 1868. Kowace jijiya tana da riga, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. A wannan cuta dakarun jiki ne da kansu su ke cinye rigar, saƙo ya riƙa yankewa: yau ido ya dushe, bayan wata shida ƙafa ta yi nauyi. Ta fi kama masu shekara 20 zuwa 40, mata sun ninka maza, ta kuma fi yawa a ƙasashen sanyi. An ƙiyasta masu ita a duniya miliyan 2.8 cikin 2020.

Me ke tayar da ita? Ana tuhumar gado, da ƙarancin hasken rana, da shan taba. Cikin 2022 aka buga binciken da aka yi kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, ya nuna wanda ya ɗauki wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr, haɗarinsa ya ninka sau 32. Amma kusan kowane babba a duniya yana ɗauke da wannan ƙwaya, 'yan kaɗan ne ke kamuwa, saboda haka shari'a ba ta ƙare ba. Cutar kuma ta kan tashi ta lafa don kanta, ga ƙofa ta buɗe wa masu magani. Waɗansu sun sa zuma ta harbe su da gangan, aka gwada a Holan cikin 2005 ba a ga amfani ba. Cikin 2009 wani likitan Italiya, Paolo Zamboni, ya ce toshewar jijiyar jini ta wuya ce sanadi, mutane suka sayar da kaya suka yi ta ƙetare ƙasashe a buɗe musu wuya. Cikin 2017 gwajin da shi kansa ya shugabanta ya nuna aikin ba ya magani. Abin da ya tabbata shi ne magungunan da aka fara samu tun 1993, masu rage yawan tashinta da jinkirta nakasa, ko da ya ke ba su warkarwa. Cutar ba ta da yawa a ƙasarmu, amma akwai ta. Saurayi ko budurwa da gani ko ƙarfin ƙafa ke ɗaukewa yana dawowa, wurin zuwansa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda akwai likitocin jijiya, tun ƙafa tana iya kai shi.